Yadda ake shawo kan tsohon keken ɗinki idan ya ƙi cin yadi mai kauri

Keken da ya wuni yana ɗinka atamfa da shadda lami lafiya, da an ɗora masa bakin wandon jins, ko kaki mai ninki huɗu, ko tamfol, sai ya soma tsallake ɗinki, ya tsinka zare, daga ƙarshe allura ta ce ƙas. A nan ne da yawa suke yanke hukuncin cewa taimin, wato daidaituwar lokacin motsin allura da na ƙugiyar da ke cafko zare a ƙasa, ya goce, su ɗauko sukundireba su hau kwance-kwance a ƙarƙashin keke. Galibi taimin ba shi da laifi. Yadi mai kauri yana tona asirin ƙananan kurakuran da yadi mai laushi ke rufewa ne kawai: allurar da ta dakushe, zaren da ya fi ƙarfin hancinta, ƙafar da ba ta danne yadi yadda ya kamata. Saboda haka a bi gyaran daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce. Idan ka taɓa abu uku a tare ba za ka san wanda ya gyara ba, balle wanda ya ƙara ɓatawa.

Bayanin nan ya shafi baƙin keken ƙarfe mai ɗinkin miƙe, na feda ko wanda aka ɗaura wa ƙaramar motar lantarki, wato Singer samfurin 15 da danginsa: Butterfly ta birnin Shangai, da kekunan Japan da suka kwaikwayi ƙirarsa bayan yaƙin duniya na biyu. Cikinsu kusan ɗaya ne. Zaren ƙasa yana kan kwarkwaro, kwarkwaro yana cikin ƙoshiya, a bayan ƙoshiya kuma akwai ƙugiya mai tsini da ke kai da komo tana cafko zaren sama. Kafin ka fara, ka tanadi ƙyallen gwaji daga ainihin yadin da za ka ɗinka, ka ninka shi yadda aikin zai kasance. Gwaji a kan atamfa ba zai gaya maka komai game da tamfol ba. Idan keken mai mota ne, a zare fulogi kafin a sa hannu a ciki.

Wanki da mai tukuna

Zare allura, cire ƙafar danne yadi, kwance sukurori biyu na farantin allura ka ɗaga shi. Tsakanin layukan haƙora, wato ƙarafan da ke jan yadi daga ƙasa, za ka tarar da ɓurɓushin zare da ƙurar hunturu sun daskare kamar ƙyallen bargo. Wannan dattin yana hana haƙora tasowa sosai. Kankare shi da tsinken sakace, ka share da tsohon buroshi. Daga nan ka kwantar da kan keken baya, ka buɗe zoben da ke riƙe da ƙugiya, ka fito da ita, ka goge hanyar da take bi. Ɗan guntun zare ɗaya da ya maƙale a wannan hanyar ya isa ya sa keke nauyi.

Idan keken ya daɗe a ajiye, ko an taɓa zuba masa man gyaɗa, manja ko baƙin mai, man ya riga ya bushe ya zama ƙaro. Ɗiga kananzir a kowane ramin mai, ka juya keken ba zare ba allura na minti biyar, ka goge baƙin ruwan da ke fitowa, sannan ka bi da farin man keken ɗinki, ɗigo ɗaya ko biyu a kowane wuri, da ɗigo ɗaya tak a hanyar ƙugiya. Kananzir na wanki ne, ba ya maye gurbin mai. Alamar an yi daidai ita ce ka murza wilin hannu ka saki, ya ci gaba da juyawa kaɗan da kansa. Keken da ke fama da nauyin kansa ba shi da sauran ƙarfin huda tamfol.

Allura

Waɗannan kekunan suna cin allura mai gindi da gefe ɗaya a shafe. A jikin fakiti za ka ga HAx1, ko 15x1, ko 130/705H, duk abu ɗaya ne. Allurar keken masana'anta mai lamba DBx1 gindinta kewayayye ne, kuma ko ta shiga maɗauri ba za ta zauna a inda ƙugiya ke jiran ta ba. Wannan kuskuren yana yawan faruwa a shagon da ke da kekuna iri biyu da gwangwanin allura ɗaya.

Lambar girma kan zo biyu, kamar 110/18. Ta farkon kaurin allurar ce: 110 na nufin milimita 1.10. Kaki da jins mara nauyi suna son 100/16. Jins mai nauyi, kanbas, yadin kujera da tamfol suna son 110/18. Akwai 120 da abin da ya fi haka, amma kafin ka ɗaura su ka juya wili da hannu ka tabbata suna wucewa ta ramin faranti ba su goga ba. Fata ta gaske tana buƙatar allura mai baki kamar na kurfi, wadda ke yanka hanyarta. Kada a sa irin wannan a yadin saƙa ko tamfol mai zare a ciki, don tana datse zaren yadin, ɗinkin ya yage daga baya.

A sa sabuwar allura, ko da ta cikin keken tana kama da mai lafiya. Don ka gane lanƙwasa, kwantar da ita a kan madubi ko gilashi, shafaffen gefen a ƙasa, ka duba ko tazarar da ke tsakaninta da gilashin ɗaya ce daga gindi har tsini. Don ka gane dakushewa, ja tsinin a kan tsohuwar safa: idan ya kama zare, a jefar. Kunne ma yana faɗa, dakusasshiyar allura tana yin ɗif-ɗif a kan yadi maimakon ta shige shiru.

Sai zaman allurar. A Butterfly da mafi yawan kekunan Japan, shafaffen gefe yana kallon dama, doguwar kwarin da zare ke kwanciya a ciki tana kallon hagu, zare kuma yana shiga daga hagu zuwa dama. A Singer 15-88, 15-90 da 15-91 akasin haka ne. Hanyar ganewa ita ce ɗan yatsan ƙoshiya, wato ɗan ƙarfen da ya miƙo daga jikinta, sa'ad da take zaune a cikin keke: idan yana nuna ƙarfe ɗaya na fuskar agogo, irin na farko ne, idan yana nuna ƙarfe sha ɗaya, irin na biyu ne. Ko wanne ne, zare yana shiga ne ta ɓangaren doguwar kwari. Tura allurar sama har ta tokare, sannan ka ɗaure sukurun da sukundireba, ba da yatsa kawai ba. Yadi mai kauri yana riƙe allura lokacin da take fitowa, yana janyo ta ƙasa kaɗan-kaɗan, kuma saukar milimita ɗaya ta isa ta kawo tsallake.

Zare da matsinsa

Zaren da aka fi amfani da shi a shago shi ne 40/2. Yana tafiya da allura 14 ko 16 (lamba ta biyu ta girman allura ke nan), kuma ya isa haɗa kaki da jins ta ciki. Mai kauri, 20/2, shi ke ba da ɗinkin ado na saman jins, kuma yana buƙatar allura 18. Abin da ya wuce wannan, irin 20/3 da zaren nailan na masu takalma, ya fi ƙarfin wannan keken, don ba ya samun hanyar zagaya ƙoshiya. Ga gwaji mai sauƙi: yanko zare kamar kamu biyu, zura shi a allurar da ba ta kan keke, riƙe bakin biyu ka karkata. Idan allurar ta sulale da nauyin kanta, sun dace. Idan tana tsayawa, hancin ya yi wa zaren kaɗan, kuma a kan keke zai riƙa tsefewa yana taruwa a saman hanci har ya tsinke.

Dabarar da ke sauƙaƙa aiki ita ce a sa mai kauri a sama, a bar 40/2 a kwarkwaro. Da haka ba sai an taɓa sukurun ƙoshiya ba. Wanda ke yawan aikin da ke buƙatar zare mai kauri sama da ƙasa, gara ya sayi ƙoshiya ta biyu, ya daidaita ta da wannan zaren, ya yi mata alama da ɗigon fenti.

A zura zaren sama ƙafa tana ɗage. Ɗaga ƙafa shi ke buɗe faya-fayan nan biyu da ke matse zare, zaren ya shiga tsakaninsu. Bayan ka zura, sauke ƙafa ka ja zaren: ya kamata ka ji ya yi tauri sosai. Idan babu bambanci tsakanin ɗage da sauke, ko dai zaren bai shiga tsakanin faya-fayan ba, ko datti ya cika su, ko ɗan ƙusan da ke buɗe su ya maƙale. Ja ƙyalle mai tsabta a tsakaninsu. Duba kuma ɗan siririn sifirin da ke gefensu, wanda ke rawa duk sa'ad da allura ta sauka. Aikinsa ya ɗauke sakin zare har allura ta taɓa yadi. Idan ya mutu ko ya karye, allura za ta riƙa sukar zarenta.

Kwarkwaro ya zama an naɗa shi sumul, bai cika ya tumbatsa ba. A Butterfly, idan ka kalli buɗaɗɗen gefen ƙoshiya ka ja zare, kwarkwaron ya juya yadda hannun agogo ke tafiya. Riƙe ƙoshiyar a rataye da zarenta: kada ta zube da kanta, amma idan ka ɗan girgiza hannu ta sauka kamar faɗin yatsa biyu ta tsaya. Idan za a gyara, ɗan sukurun da ke kan sifirinta ake juyawa, rubu'in zagaye a lokaci guda, kuma a yi hakan a kan faranti ko ƙyalle, don in ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan.

Yanzu ɗinka layi ka juya ƙyallen. Zaren da ya cukurkuɗe a ƙasan yadi zaren sama ne, ko da yake ido na cewa na kwarkwaro ne, kuma ma'anarsa matsin sama ya yi kaɗan. A yadi mai kauri wannan ba abin mamaki ba ne, don sai da ƙarfi ake janyo ƙullin ya shige tsakiyar ninki. Ƙara matsin sama ta murza maɓallin da ke gaban faya-fayan rabin zagaye, gwada, ƙara, har ƙullin ya ɓace a ciki. Idan cukurkuɗewar a farkon layi kaɗai take, matsi ba shi da laifi: riƙe bakin zare biyu ta bayan ƙafa har ka yi ɗinki uku ko huɗu. Sau da yawa kuma an manta ne ba a sauke ƙafa ba, domin kaurin yadin yana taɓa ta sai ta yi kamar a sauke take.

Ƙafa da haƙora

Nan ne asalin tsallake a yadi mai kauri, kuma nan aka fi tsallakewa wajen bincike. Sa'ad da allura ta kai ƙasa ta fara tasowa, yadi yana riƙe zaren ta gefe ɗaya, sai ya yi ɗan kumburi a bayan hanci, ƙugiya ta shiga ta nan. Idan yadin ya biyo allura sama, kumburin ba ya samuwa, ƙugiya ta wuce hannu rabbana. Sunkuya ka kalli ƙafar daga gefe kana juya wili a hankali. In ka ga tana ɗagawa tare da allura, ko da kaurin farce ne, ka samo matsalar. A saman kan keken, daidai bisa sandar ƙafa, akwai sukuru mai kai da ake murzawa da yatsa. Murza shi dama zagaye biyu, ka gwada, ka ƙara har ƙafar ta daina motsi. Idan ka koma ɗinkin yadi mai laushi ka tuna ka sassauta, in ba haka ba haƙora za su bar masa tabo.

Tsawon ɗinki ya zama milimita 3 zuwa 4. A wasu kekunan lambobin jikin madaidaicin suna ƙirga ɗinki nawa ne a inci ɗaya, don haka ƙaramar lamba ita ce dogon ɗinki: a sa tsakanin 6 da 8. Gajeren ɗinki a fata ko tamfol yana jera huji kusa da kusa, wurin ya yage kamar takardar rasit.

Idan yadi ba ya tafiya, fara duba ko keken yana da maɓallin sauke haƙora a kan shimfiɗarsa, wataƙila an juya shi. Sannan ka juya wili har haƙora su kai ƙololuwa. Ya kamata su fito saman faranti kimanin milimita 1, wato zurfin haƙorin duka ya bayyana. Idan sun nutse, a ƙarƙashin keke akwai sukurun da ke ɗaure hannun da ke ɗaga su: sassauta, ɗaga kaɗan, ɗaure. Kada a wuce gona da iri, don haƙoran da suka yi tsayi da yawa suna komowa da yadi baya. Shafa yatsa a kansu. Idan sun yi sulɓi kamar bayan cokali, sun cinye, a sayi sababbi, ba su da tsada. Leda da fata masu manne wa ƙafar ƙarfe kuwa, a sa musu farar ƙafar roba mai santsi, ko a barbaɗa hoda a kan layin ɗinki.

Tsallaka tudu

Bakin wandon jins, a wurin da ya haɗu da ɗinkin cinya na ciki, yakan kai ninki goma sha biyu: ɗinkin kansa ninki huɗu ne, naɗin baki kuma ya ruɓanya shi sau uku. A nan allurai suke mutuwa. Ɗora wurin a kan katako, ka rufe da ƙyalle, ka buga da guduma har ya kwanta. Idan gaban ƙafa ya fara hawa tudun, tsaya allura tana cikin yadi, ɗaga ƙafa, cusa ƙyallen da ka ninka daidai kaurin tudun ta bayanta, ka sauke. Ƙafar da ta karkata ba ta danne komai, wadda ta daidaita kuwa tana danna duka. Wuce tudun da hannu, kana juya wili zuwa gare ka, ɗinki ɗaya-ɗaya. Kafin gangara, mayar da ƙyallen gaban ƙafa.

Kada a ja yadi ta baya don a taimaki keke. Jan yana lanƙwasa allura, ta sauka a kan faranti ko ta kartar tsinin ƙugiya. Idan aikin babba ne kamar rumfa ko labule, nauyinsa da ke rataye a gefen tebur ma ja ne, sai a tara wani tebur ko kujera ya ɗauke shi. In allura ta karye, a nemo duk gutsattsarinta kafin a ci gaba, kuma a kawar da fuska daga kusa da ita a wurin tudu, don guntunta yana tashi da ƙarfi.

Idan wili yana juyawa allura ba ta huda

Ƙarfin yana zubewa ne a hanya. A tsakiyar wilin hannu akwai babban maɓallin da ake sassautawa idan za a naɗa kwarkwaro. Ƙara ɗaure shi. Idan har yanzu yana zamewa, kwance ɗan sukurun jikinsa, ka cire shi, za ka ga washa mai kunnuwa biyu a ciki da uku a waje. Kunnuwan ciki su kalli waje, wato wajen maɓallin. Goge man da ke jikinta ka mayar. In bai kama ba, cire ta ka juya ta rabin zagaye.

Bel ɗin fata na keken feda, mai kauri kimanin milimita 5, yana miƙewa da daɗewa. Buɗe ƙarfen da ya haɗa bakinsa, yanke santimita 1, huda sabon rami, ka haɗa. Kada a yanke da yawa a tashi ɗaya, bel mai tsauri yana sa feda nauyi. A keken mota, sassauta sukurun da ke riƙe da motar, ka sauke ta har bel ya riƙa lotsawa kamar santimita 1 in an danna tsakiyarsa. Motar da ke gurnani ba ta juyawa kada a ci gaba da taka ta, za ta ƙone. A tayar mata da wili da hannu. Idan tana tartsatsi ko ƙarfinta ya ragu, a duba gawayinta guda biyu, wato ƙananan baƙaƙen sandunan da ke gogar abin da ke juyawa a cikinta, in sun gajarce a canza su tare.

Kaifi a hanyar zare

Zaren da ke tsinkewa bayan kowane kamu ɗaya, alhali allura sabuwa ce kuma matsi daidai ne, yana gogar wani kaifi. Haska tocila a ramin faranti: allurai da suka karye a baya sukan bar masa zane. Fito da ƙugiya ka ja farce a kan tsininta da bayanta. Duk inda farce ya tsaya, zare ma zai tsaya. Goge da samfefa mai laushi sosai, lamba 800 ko 1000, da ɗigon mai, kana bin tsawon ƙarfen, ba ka rage tsinin ba. Ramin faranti kuma a naɗe siririn samfefa a zura a ciki. Tsinin da ya gutsure ba ya gyaruwa, sai sabuwar ƙugiya, kuma a tafi kasuwa da tsohuwar a gwada, don ta mai ƙarfe ɗaya da ta mai ƙarfe sha ɗaya ba sa musanya.

Sai yanzu a duba taimin

A wannan ƙirar, abin da ke tura ƙugiya a kafe yake da ƙusa a jikin sandarsa, da wuya ya goce. Abin da ke gocewa shi ne sandar allura, wadda ke zamewa sama idan allura ta daki abu mai tauri. Sa sabuwar allura, cire faranti da ƙoshiya don ka gani da kyau. Juya wili zuwa gare ka har allura ta kai iyakar ƙasa, ka ci gaba har ta taso kimanin milimita 2.5. A daidai nan tsinin ƙugiya ya kamata ya iso tsakiyar allura, kimanin milimita 1.5 sama da hanci. Idan ya iso daidai hanci ko ƙasa da shi, sandar ta hau. Cire murfin fuskar keke, nemo sukurun da ke ɗaure sandar, a wasu kekunan ta wani ɗan rami a jikin kai ake kai masa. Yi wa sandar alama da biro kafin ka sassauta, sauke ta kaɗan ba tare da ta juya gefe ba, ka ɗaure tamau. Wasu sandunan Singer suna da zane biyu: na sama yana daidaita da bakin bututun da sandar ke bi idan allura tana can ƙasa, na ƙasa kuma sa'ad da ƙugiya ta iso.

Duba tazarar gefe ma. Tsinin ya wuce dab da allura kamar zai shafe ta, tazarar da ba ta fi kaurin takarda ba. Idan ƙugiyar tana girgiɗi a cikin hanyarta, ko sandar allura tana kaɗawa in ka taɓa ta, ƙarfe ne ya cinye, wannan aikin mai gyaran keke ne da kayan canji.

Iyakar wannan keken

Ƙafarsa tana ɗagawa kimanin milimita 7, kuma abin da bai shiga ƙarƙashinta da sauƙi ba kada a tilasta. Jins ninki huɗu zuwa shida, kanbas, yadin kujera, tamfol ninki biyu ko uku da fata mai laushi irin ta jaka duk yana ɗinka su da kyau idan an bi abin da ya gabata. Fatar ɗamara, tafin takalmi da igiyar ɗaurin kaya ba nasa ba ne, ko da ya huda su sau ɗaya ko biyu. Haƙoransa daga ƙasa kaɗai suke ja, shi ya sa a dogon ɗinkin tamfol ninkin ƙasa ke riga na sama isa ƙarshe. Ana rage wannan da maƙale ninkin biyu da ɗan abin matse yadi a kowane kamu ɗaya. Wanda rumfa, kujerun mota ko jakunkuna suka zama sana'arsa ta kullum, keken masana'anta mai ƙafa biyu masu tafiya tare da yadi yake buƙata, irin mai cin allura DPx17. Facin takalmi kuma aikin Singer 29K ne, mai siririn hannu da ke shiga har cikin hancin takalmi.